Anti Birki da Motar Kwasa

Shekara ashirin da ɗoriya Anti Birki ta yi tana koya wa mutane tuƙi, zaune a kujerar gefen direba, ƙafarta a kan birkin da makaniki ya ƙara mata a ɓangarenta. Nan sunan ya samo asali, don babu kalmar da ta fi fita daga bakinta. Da za a haɗa tafiyar da ta yi a ƙaramar motar nan, da ta zagaye duniya ta dawo, amma ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Daga filin koyo zuwa shataletale, daga shataletale zuwa tudun bayan asibiti inda ake koyon tashi a kan hawa, sai a juyo fili. Jikinta ne kawai ya yi tafiya, shi ma gefe da gefe, har kujerar ta lotsa ta ɗauki siffarta.

Ranar da aka gwada jininta, likita, wani matashi da ba zai girmi 'yarta ba, ya ce sukari ya fara leƙowa, sai ta rage ƙiba.

"Ki riƙa ɗan zagaya tsakar gida da yamma, Mama. A hankali."

Maganar sukarin ba ta ɓata mata rai kamar maganar zagayen ba. Ita da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana zagaye! Kullum da safe tana ganin wasu 'yan keke ta gilashin mota, sun jero sun fita bayan gari, kuma ta ji ana cewa suna shirin doguwar tafiya ta kwanaki, su tsallake duwatsu har bakin babban tafki. Daga asibiti ba ta wuce gida ba sai da ta sayi keke da hular kwano.

Shugaban 'yan keken tsohon soja ne, siriri kamar sanda, kowa Kyaftin yake ce masa. Ya dube ta sama da ƙasa bai ɓoye ba.

"Baiwar Allah, kin san nisan wurin kuwa?"

"Na san ban taɓa zuwa ba."

"Shekarunki nawa?"

"Keken ne ke tambaya ko tudun?"

Bai yi dariya ba, sai ya karanto mata doka. Kafin babbar tafiya za a yi gwaji biyu, a fita har madatsar ruwa ta hanyar dogon tudu. Mota za ta riƙa bin su a baya, motar kwasa suke ce mata. Duk wanda ta iske a tsaye, ƙafarsa a ƙasa, za a ɗora shi da kekensa. Wanda aka kwasa sau biyu kuwa, sai dai ya ji labarin tafki a bakin wasu.

"Na ji," in ji ta.

A gida mutum biyu suka raba ta tsakaninsu. Ta farko Auta, 'yarta, mai aiki a kantin magani, wadda ta karanta duk abin da waya ta sani game da rage ƙiba. Ita ta karɓe kicin. Shinkafa, burodi, dankali, taliya, duk ta yanke musu hukunci ba a ji ta bakinsu ba. Abin da ya rage kabeji ne da kokwamba da dafaffen ƙwai da kifin da bai ga mai ba. Ta ajiye sikeli a lungun da ke tsakanin banɗaki da ɗakin kwana, yadda ba yadda za a yi a wuce shi ba a gaisa ba. Babbar aƙidarta kuwa ita ce a hau keke ba a karya ba.

"In jiki bai sami abinci ba, Mama, kitse yake ci. Kowa ya san wannan."

Ta biyu Yaya, yayar Anti Birki, wadda ke zaune tare da su tun rasuwar mijinta. Ita a wurinta ƙiba rufin asiri ce.

"Ke dai so kike ki jawo mana zance. Jiya matar mai shago ta ja ni gefe, wai wane ciwo ke cin ƙanwata."

"Ki ce mata ciwon keke ne, Yaya, kuma ana ɗauka."

"Mace da girmanki, da jikinki na mutunci, ki ɗare ƙarfe kina haki a titi kamar wadda aka biyo!"

Ɗaya ta yi imani ƙiba lafiya ce, ɗaya ta yi imani yunwa lafiya ce, kuma a cikinsu babu wadda ta taɓa hawa tudu da keke. Anti Birki ta bi Auta, don ita ce ke da sikeli, sikelin kuma yana ba ta gaskiya. Allura ta riƙa sauka. Tela ya rage mata riguna har sau biyu. Ɗalibai suka fara cewa Anti ta koma yarinya. Ba wanda ya lura tana gyangyaɗi a shataletale, ko yadda take jin ƙafafunta kamar an ɗura musu yashi in ta hau matakala.

Ranar gwajin farko ta sha ruwa da baƙin shayi ba sukari, ta ɗaura ɗankwali a ƙarƙashin hular kwano, ta fita. Shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ta ba ta wahala ba, har ta wuce wasu. Sai dogon tudu. Ba ta kai rabinsa ba ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Gajiya ta san ta, wannan daban ne: kamar an zare mata fulogi. Zufa mai sanyi ta keto mata, gefen hanya ya fara duhu da rana tsaka. Ta ce wa ƙafafunta su taka, suka yi kamar ba da su ake ba. Ta sa ƙafa ƙasa.

Motar kwasa ta zo ta tsaya a bayanta. Direban ya fito yana murza hannu, ta gane shi tun kafin ya ƙaraso. Tsohon ɗalibinta ne, wanda ta laƙaba wa Ribas saboda yawan shingen da ya rusa mata kafin ya iya komawa da baya. Yanzu ya yi iyali har da furfura a gemu.

"Sannu, Anti. Bismillah, kujerar gaba na ajiye miki."

Kujerar gefen direba, wurin da ta gudo daga gare shi. Ta zauna, kujerar ta karɓe ta kamar ta san da zuwanta. Ribas ya miƙa mata ayaba biyu da lemon kwalba, ta karɓa don ba ta da ƙarfin ƙi. Kafin su kai saman tudun duniya ta dawo mata tas, ƙafafu suka ce a shirye suke. Wannan ya fi komai ƙona mata rai, don ga ƙarfi ya dawo, ga keke ɗaure a bayan mota.

"Cire ƙafarka daga kan kuloci," ta daka masa.

"To, Anti."

A gida kowacce ta ɗauki faɗuwar ta sa a aljihunta.

"Nauyi ne har yanzu, Mama," in ji Auta. "Ai lissafi ne. Sai mun ƙara ragewa. Ƙwan dare ma a cire shi."

"Allah ne ya nuna miki iyakarki," in ji Yaya. "A sayar da ƙarfen nan tun kafin a kawo mana ke a kan gadon asibiti."

Anti Birki ta wuce ɗakinta. Gwaji ɗaya ya rage mata, kuma ta san in aka sake kwasarta, ta koma zagaye ke nan har ƙarshen rayuwarta.

Cikin makon, tana kan tudun bayan asibiti da wata ɗaliba ma'aikaciyar banki, sai motar ta yi tari, ta yi shessheƙa, ta mutu. Ɗalibar ta murza makulli, shiru. Ta saci kallon Anti ta gefen ido.

"Ko dai mun yi mata nauyi ne?"

"Nauyi? Motar nan ta hau tudun nan da ni lokacin ina cike kujerar har ina zubowa. Dubi allurar can. Mai ne babu. Ko giwa ko kaza aka ɗora mata, in tanki ya bushe ba inda za ta..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta zauna tana kallon jar wutar da ke nuna mai ya ƙare, wadda ta tabbata tun jiya take ci, ita kuwa yunwa ta hana ta gani. A duk shekarunta na aiki mai bai taɓa ƙare mata a hanya ba. Ɗalibi nawa ta yi wa faɗa a kan haka? Ashe ta san amsar tun ba a haifi wayar Auta ba, ba ta taɓa tunanin ita ma mota ba ce.

Daren jajibirin fitarta ta gaba ta shiga kicin da kanta ta ɗora tukunyar shinkafa. Auta ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa kamar ta kama ɓarawo.

"Mama! Mene ne wannan?"

"Shinkafa. Kun daɗe ba ku haɗu ba."

"Duk wahalar da muka sha?"

"Muka sha? Ni dai na san wadda ta sha. Saurara, Auta. Ranar da zan wuni a mota, zan ci kabejinki ban ce uffan ba. Ranar da zan hau keke, da daren kafin ta, zan ci abinci. Ranar zama abincin zama, ranar hawa abincin hawa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya."

"Ba haka masana suka ce ba."

"Su zo su hau tudun, sai mu yi magana a sama."

Anti Birki ta koma ta faɗa wa likita abin da ta yanke, ba izini ta je nema ba. Ya sosa ƙeya, ya sake gwada jinin, ya ce in dai za ta ƙona abin da ta ci, shi ba shi da ta cewa. Sikeli ne bai ji daɗin sabon tsarin ba. Allura ta tsaya cak, wata safiyar ma har ta ɗan ɗaga. Auta ta riƙa tsayawa a lungun tana jan tsaki. Amma ƙafafun Anti Birki sun farka. Ta fara hawa tudun bayan asibiti da keke ta sauko ta sake hawa, ma'aikatan jinya suna leƙenta ta taga.

"Ni zan nuna miki ba abinci ba ne," in ji Auta daga ƙarshe. "Zan ari keke in bi ku gwajin nan, ba tare da na sa komai a bakina ba. Ina zuwa wurin motsa jiki, na san jikina."

"Ki zo, 'yar nan. Hanya ba ta gadon kowa ba ce."

Ranar gwaji na biyu Anti Birki ta iso da jakar yadi ɗaure a kan keke, cike da ƙananan dankali dafaffe da aka birgima a gishiri, da ayaba, da dabino. 'Yan keken, masu matsattsun kaya da goran ruwa ɗaya tak, suka kewaye ta.

"Anti, kasuwa za ki ci a hanya?"

"A ba ta tabarma mana ta baza!"

"Ku yi dariyarku," ta ce tana gyara igiyar hula. "Amma duk wanda na ga haƙoransa yanzu, kada in ga tafin hannunsa anjima."

Aka tashi. Auta ta wuce ta kamar iska, ta ɗago mata hannu. Anti Birki ba ta bi ta ba. Ta kama tafiyarta, kuma tun ba ta ji yunwa ba ta fara ci: dankali ɗaya, kurɓin ruwa, can gaba dabino biyu, can gaba rabin ayaba. Haka take koya wa ɗalibai, ba a jira jar wuta kafin a nemi gidan mai.

Da ta iso dogon tudu ta sauke giya zuwa mafi sauƙi ta duƙufa. Numfashinta ya koma kamar na zuga-zugi, cinyoyinta suka ɗau zafi, amma zafin aiki ne, ta san shi. Ta wuce wurin da ta sa ƙafa ƙasa wancan karon, ko kallonsa ba ta yi ba. Can ƙasa, bayan kwana, tana jin gurnanin motar kwasa tana tahowa a giya ɗaya.

A inda tudun ya fi miƙewa ta hango keke kwance a gefen hanya. Kusa da shi Auta ce zaune a kan dutse, kanta tsakanin gwiwoyinta.

Anti Birki ta san abu biyu a lokaci guda. In ta tsaya a wannan gangaren, da wuya ta iya tashi, kuma mota na tafe. Ta kuma san irin duhun da yarinyar ke gani yanzu. Ta ja tsaki mai tsawo, ta matse birki, ta sa ƙafa ƙasa.

Leɓunan Auta sun yi fari. Uwar ta ɓare ayaba ta tura mata, ta bi da dabino, ta kafa mata gora a baki, sannan ta danƙa mata dankali.

"Tauna."

"Mama, dankali ne fa..."

"Na sani, ni na dafa. Tauna, ko in tauna miki kamar yadda na yi kina da haƙori biyu."

Auta ta tauna. Ta sake taunawa. A hankali idanunta suka daina yawo suka tsaya a kan uwarta, sannan suka wuce ta zuwa ƙasan hanya, inda kan motar kwasa ya ɓullo daga kwana.

"Mama, ga shi nan. Tafi! Don Allah tafi!"

Anti Birki ta kwance jakar ta jefa mata a cinya, ta haye sirdi, ta taka. Keken ya yi baya, ƙafarta ta zame, feda ta daki ƙaurinta har ta ga taurari. Motar tana matsowa, tana iya ganin gemun Ribas ta gilashi. Sai ta tsaya ta yi wa kanta abin da take yi wa ɗalibai a tudun bayan asibiti. Ba a gaggawa a kan hawa. Riƙe birki. Shirya ƙafa. Sai kin ji tana son tafiya sannan ki saki. Ta duba hanya sama da ƙasa, ba kowa. Ta karkata kan keken ya fuskanci ɗaya gefen titi don ta rage wa kanta tsayin, ta ɗago feda sama, ta matse birki biyu, ta miƙe ta sauke dukan nauyinta a kan ƙafa ɗaya. Nauyin nan da likita da sikeli da Auta suka haɗu suna zagi, shi ya danna fedar ƙasa. Ta saki birki. Keken ya yi tangaɗi, ya tsallaka, ta juyo shi, ɗaya ƙafar ta sami wurinta.

Ribas ya iso ya leƙo ta taga.

"Anti, na fa gan ki a tsaye!"

"Ka iske ni a tsaye?" ta ce tana haki, ba ta waiwayo ba.

"A'a, amma..."

"To ɗauki yarinyar can. Kuma ja birkin hannu kafin ka fita, na san halinka!"

Sauran tudun ta hau shi taki ɗaya bayan ɗaya. Ƙaurinta yana zugi, jini ya ɗan ɓata ƙafar wandonta, kuma guzurinta duk yana baya. Bayan ta tsallake sama, hanya ta miƙe doguwa, ta fara jin alamar sanyin nan a tafin hannu. Motar ta dawo bayanta tana rarrafe. Ta cije. Sai ta ji motar ta matso ta jera da ita, hannu ya fito ta tagar gefen direba riƙe da dankali.

"Mama, karɓi. Akwai saura uku."

Ta karɓa ba ta tsaya ba. Gishirin ya narke a harshenta.

Ita ce ta ƙarshe da ta isa madatsar ruwa. Sauran suna zube a inuwa, wasu sun cire takalma. Kyaftin ya dubi jinin ƙafarta, ya dubi Auta da ke saukowa daga mota da jakar yadi, ya dubi Ribas.

"Da ƙafarta ta zo, Kyaftin," in ji Ribas. "Na yi iya ƙoƙarina."

"Ke ce ta ƙarshe," in ji Kyaftin.

"A cikin waɗanda suka iso."

Gefen bakinsa ya motsa kaɗan. "Kina cikin tafiya. Ki sa a duba miki birkin baya, yana kuka."

Ɗaya daga cikin masu dariyar safe ya matso yana leƙen jakar. Ta kalli haƙoransa, ta kalli hannunsa, sannan ta ce wa Auta ta ba shi dabino ɗaya, kada ta ƙara.

Washegari da safe Yaya, wadda ta ji labarin dankali ta ɗauka ita ta ci nasara, ta tare ta a bakin ƙofa da faranti cike da soyayyen nama da burodi mai laushi.

"Yawwa, ƙanwata ta dawo hayyacinta. Zauna ki ci ki mayar da jikinki."

"Na gode, Yaya. Yau a mota zan wuni."

"To, da me?"

"Yau ranar kabeji ce."

Yaya ta riƙe baki. Daga kicin Auta ta fito da kwanon kabeji da ƙwai ta miƙa wa uwarta, idonta a ƙasa.

"Mama, dankalin nan... da ɓawonsa kike dafawa ko ferewa kike?"

"Da ɓawonsa. Gishirin sai ya huce."

Anti Birki ta ɗauki makullin mota ta wuce ta lungu. Sikeli yana nan inda yake. Ta hau, ta duba, ta sauka, ta taɓa tayar keken da ke jingine a bango ta ji iskarta, sannan ta fita. Ɗalibar banki tana jiranta a fili.

"Kafin ki murza makulli," in ji Anti Birki tana zama a lotsattsiyar kujerarta, wadda yanzu ta yi mata yawa, "me za ki fara dubawa?"